Alƙali da Takobi Mai Tsoron Jini

Ni ce mai karɓar kati a wani ƙaramin asibitin gashin ƙashi, hawa na biyu, saman shagon masu sayar da tayil. Aikina ba shi da yawa: in rubuta suna, in miƙa lamba, in ce wa mutum ya zauna. Ɗakin jiranmu kujeru tara ne na roba, sai na'urar ruwan sanyi da ta daɗe da daina sanyi, sai talabijin a maƙale a bango daidai saman kaina. Tashar labarai guda ɗaya take kamawa, ita ma ranar da ta ga dama.

Ranar Asabar mutum uku ne ba sa fashi. Akwai Alƙali, wanda ya yi ritaya shekara shida da suka wuce, aka yi masa aiki a gwiwar dama. Yakan zo da sandarsa da jaridarsa, ya zauna a kujerar tsakiya, ya dubi kowa ta saman tabarau kamar mu ne masu laifin ranar. Akwai Mai Tirela, ƙaton mutum mai muryar injin, wanda kafaɗarsa ta goce da ya faɗo daga kan kaya yana ɗaure tamfol. Sai Goggo Tela, wadda shekara talatin a kan keken ɗinki suka sanƙarar mata da wuya, in za ta kalle ka sai ta juyo gaba ɗayanta. Likitarmu mace ce, gajera, ba ta da surutu, kuma su ukun tsoronta suke ji.

Ni kuwa ina da wata jaraba da ban cika faɗa wa mutane ba: ina son katun ɗin Japan, wanda ake kira anime. Wata huɗu ina jiran wani sabon shiri, kuma kashi na farko ya fito da safiyar wata Asabar ina bakin aiki. A ranar, talabijin ta ƙi kama komai, allon shuɗi kawai. Na saka abin kunne, na sunkuyar da waya ƙarƙashin kantar karɓar kati, na danna. Abin da na manta shi ne, ranar Alhamis mai gyara ya haɗa wayata da talabijin ɗin don gwaji, bai cire ba.

Waƙar buɗewa ta fashe a ɗakin kamar an saki ganguna goma. Jaridar Alƙali ta faɗi. Goggo Tela ta juyo gaba ɗayanta har da kujerar.

"Ke 'yar nan, mene ne wannan?" in ji Alƙali.

"Yi haƙuri Baba, kuskure ne, yanzu zan kashe."

"Bar shi," Mai Tirela ya ce. "Ya fi mana wannan shuɗin allon. Tun ɗazu nake kallonsa har na fara jin barci."

Alƙali ya ɗauki jaridarsa ya kakkaɓe. "Abin yara," ya ce, ya buɗe ta ya rufe fuskarsa.

Labarin na wata yarinya ce 'yar maƙeri, mai shuɗin gashi, wadda ta gaji takobin kakanta. Takobin yana magana, ga cika baki, amma da ya ga jini sai ya sume. A ƙasarsu an wayi gari wata ya ɓace daga sama, aka ce wani dodo mai fukafukai ne ya haɗiye shi, sarauniya ta tura yarinyar ta kamo shi. Maganarsu da yarensu suke yi, fassara na gudu a ƙasan allo, Mai Tirela kuma bai zo da tabarau ba. Dole na koma mai karanta musu.

Ba a yi minti uku ba Goggo ta fara. "Wannan idon fa? Ya cinye rabin fuskar. Ga hanci kamar an ɗiga biro. Iyayenta ba su kai ta an duba ba?"

"Haka suke zana su, Goggo."

"To rigar fa? Ba zif, ba maɓalli, ba igiya. Me ya riƙe ta? Ni dai a shagona in na ba mutum wannan, kafin ya kai bakin titi ta zube. Kuma dubi mayafin bayanta yana ta kaɗawa, a cikin ɗaki suke fa, tagogi a rufe. Iskar daga ina?"

Sai aka nuno keken doki mai tashi sama, an lafta masa ganguna da akwatuna. Nan Mai Tirela ya miƙe zaune. "Wa ya yi wannan lodin? Duk nauyin a baya! Kwana ɗaya za su sha ya kife da su. Kai, kai, kai. Ko igiya ba su ja ba." Da keken ya sha kwana lafiya, sai ya ji haushi. "Ƙarya ne. Wallahi ƙarya ne."

Da aka zo faɗa, yarinyar ta ɗaga takobi ta ƙwala ihun sunan saran da za ta yi, suna mai tsawo, wai Saran Tsawa Bakwai na Gidan Maƙera. Mai Tirela ya tafa hannu ɗaya a cinya. "Ina aka taɓa faɗa kana sanar da mutum dukan da za ka yi masa? Shi kuma wancan wawan ya tsaya yana jira ta gama faɗa!" Sai ga ɗigon jini a kuncin abokin faɗan, takobi ya yi salati irin nasu ya lanƙwashe kamar dafaffiyar taliya. Goggo ta yi dariya har ta riƙe wuya tana cewa wayyo.

A ƙarshen kashin yarinyar ta isa kogon dodo, ta ce ta zo kama shi. Sai muka ji murya daga bayan jarida.

"Ina sammaci?"

Duk muka juya. Jaridar ta sauko kaɗan, tabarau ya leƙo.

"Na ce ina takardar kamu? Haka kawai sarauniya ta yi magana da baki a je a kamo mutum a gidansa?"

"Baba, dodo ne," na ce.

"Ko dodo ne. Gidansa ne ko ba gidansa ba ne?" Ya mayar da jaridar. "Shirme."

Asabar ta biyu na zo buɗe ƙofa ƙarfe takwas saura, na tarar da su ukun a kan matakala. Lokacin ganin Likita ƙarfe tara ne. Mai Tirela ya zo da tabarau. Alƙali ya ce shi cunkoson hanya ya guje wa, kada wani ya yi masa wata fassara. Ya zauna a kujerar tsakiya, ya buɗe jarida, amma na lura ya riƙe ta ƙasa-ƙasa, daidai ƙirji.

A wannan kashin aka nuno wazirin sarauniya, dogo, mai farin gashi har gadon baya, yana murmushi da ido a lumshe. Ni na san irinsu, duk mai murmushi ido a rufe a waɗannan shirye-shiryen mugu ne. Na gaya musu. Goggo ta ƙi yarda.

"Wannan yaron mai kunya? Dubi yadda kwalar rigarsa ta zauna. Shi kaɗai ne a garin nan ya san tela. Mugu ba ya tsayawa a auna shi."

"Yaya, ai irinsu ne ke cinye mutum," in ji Mai Tirela. "Ni na yi aiki da wani manaja haka. Yana murmushi ya sallame ni."

"Kai dai ba ka son mai tsafta."

Sai aka koma baya aka nuna tarihin dodon. Ashe tun yana ƙarami uwarsa ta tafi ta bar shi a kogo, ta ce masa duk daren da ya ga wata, to tana kallonsa. Shi ya sa kullum yake hawa dutse ya zauna. Da watan ya ɓace, shi ya fi kowa kuka, kukan ne ma mutanen gari suka ji suka ce ihun ƙoshi ne. Ina cikin karanta fassarar na ji ana jan hanci. Mai Tirela ne, ya cire tabarau yana goge ido da bayan hannu.

"Kafaɗar ce," ya ce. "In ta motsa har ido take kawo min ruwa."

Goggo ta zaro ƙyalle daga jakarta ta miƙa masa ba tare da ta juyo ba.

Da aka gama na tambaye su yadda suka ga shirin. Na ce mu masu kallo muna da ƙa'ida, ba a yanke wa sabon shiri hukunci sai an ga kashi uku. Alƙali ya dube ni da wani sabon mutunci.

"Wa ya kafa wannan ƙa'idar?"

"Haka dai muka tarar, Baba."

"Tana da kyau. Ba a hukunci da shaida ɗaya." Ya naɗe jaridar. "Amma ki rubuta, zuwa yanzu babu wata hujja a kan dodon nan. Babu wanda ya gan shi da ido. Ba a duba cikinsa ba. Jita-jita ce kawai."

Goggo ta ce ita labarin bai dame ta ba, ɗinkin ne ba ta yafe ba. Mai Tirela ya ce takobin ne mutuminsa, domin shi kaɗai ke faɗin gaskiya, in yana jin tsoro ya ce yana jin tsoro.

Asabar ta uku Alƙali bai zo da jarida ba. Littafin rubutu ya zo da shi da biro biyu, ja da baƙi. An gurfanar da dodon a kotun sarauniya, alƙalin kotun kuma wata tsohuwar mujiya ce mai hular gashi. Tun daga zaman farko namu Alƙalin ya fara rubutu yana huci.

"Ba a karanta masa tuhuma ba. Rubuta. Ba shi da lauya. Wannan wazirin shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne kuma yake raɗa wa alƙali magana a kunne! A gaban jama'a!"

"Wataƙila gaishe ta yake yi," in ji Goggo.

"Hajiya, don Allah."

Yarinyar ta miƙe ta ce ita za ta kare dodon, ta kira takobinta a matsayin shaida. Alƙali ya tsaya da rubutu, sannan ya ce a iya saninsa babu dokar da ta hana takobi ba da shaida matuƙar yana cikin hankalinsa. Takobin ya hau akwatin shaida, ya buɗe baki zai faɗi abin da ya gani a ɗakin waziri, sai waziri ya yanki yatsarsa da gangan ya ɗaga. Takobi ya sume.

Alƙali ya miƙe tsaye. Ba sanda. Mutumin da sai ya yi bismilla uku kafin ya tashi daga kujera.

"Tsoratar da shaida! A kama shi! A ɗage zaman!"

Mujiya ta ɗaga guduma za ta yanke hukunci. Gudumar na sama, allo ya yi baƙi, waƙar rufewa ta taso.

"Ina sauran?" in ji shi.

"Sai mako mai zuwa, Baba."

"Mako? Mutum na tsare?"

Daidai nan Likita ta leƙo ta kira shi. Ta gan shi tsaye ƙyam a kan ƙafa biyu, sandar na jingine da kujera. Bayan minti ashirin ya fito da takarda a hannu, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Likita ta sallame shi. Ta ce gwiwa ta warke, ya ci gaba da tafiyar safe, ba sai ya dawo ba.

Muka yi masa barka. Ya amsa da ƙyar. Da ya zo kanta karɓar katinsa, na rage murya na ce ai zai iya kallo a gida, jikokinsa za su saka masa a minti ɗaya.

Ya sunkuyo. "'Yar nan, shekara biyu ke nan da na hana kallon katun a gidana. Na tara su a falo na yi jawabi. Kakarsu tana wurin. In matar nan ta gan ni gaban dodo da littafin rubutu, har in mutu ba zan huta ba."

Na ce to in saka masa a wayarsa. Ya ciro ta ya nuna min, irin mai maɓallai ce, allonta kamar akwatin ashana.

Asabar ta huɗu, ƙarfe takwas da kwata, muka ji ana hawo matakala a hankali, ana nishi a kowace taka. Alƙali ne, ya dafa sanda da hannu biyu, yana jan ƙafa. Ya ce ciwon ya dawo cikin dare, bai runtsa ba. Littafin rubutun na leƙowa daga aljihunsa.

Mai Tirela ya kawar da kai yana cije leɓe. Goggo ta ce, "Sannu Alhaji, Allah ya sawwaƙe. Amma wancan makon ba ƙafar dama kake ja ba?"

Ya dubi ƙafafunsa. "Ya bazu," ya ce.

Ban kai ga kunna talabijin ba Likita ta iso, ranar da wuri ta zo. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce ya shigo, ni kuma in kawo fayil ɗinsa. Shi ya sa abin da ya faru a ciki da idona na gani.

Ta kwantar da shi a gado ta lanƙwasa gwiwar. Ya yi ƙara. Ta miƙar da ita. Ya yi ƙara. Ta ɗaga hannunta sama ba ta taɓa shi ba, ya sake yin ƙara, don idonsa a rufe yake. Ta ja kujera ta zauna.

"Baba, gwiwar nan lafiyarta ƙalau."

"Likita, ni nake jin abina."

"To shi ke nan." Ta buɗe fayil tana dubawa kamar ba komai. "Ka san shirin nan da kuke kallo daga littafi aka ciro shi? Littafin zane ne, juzu'i goma sha ɗaya. Na karance su tun ina makaranta."

Ya buɗe ido ɗaya.

"Na san wanda ya ɗauke watan. Na san inda aka ɓoye shi. Na san hukuncin da mujiya ta yanke. Yanzu zan ƙirga uku. In ba ka sauko ka taka min daga nan zuwa ƙofa yadda na koya maka ba, zan fara daga hukuncin. Ɗaya."

"Likita, wannan ba daidai ba ne."

"Biyu. Mujiyar ta ce..."

Ban taɓa ganin dattijo ya sauko daga gado da irin wannan saurin ba. Ya toshe kunnuwa da yatsu, ya taka zuwa ƙofa, baya a miƙe, gwiwa na lanƙwasuwa kamar ta soja, yana cewa "ban ji ba, ban ji ba" har ya fita ɗakin jira. Likita ta rubuta wani abu a fayil ta miƙo min, tare da sandar. Karon farko ke nan da na ga haƙoranta.

Ta biyo shi waje. Yana tsaye tsakiyar ɗaki, kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ɗakin nan na marasa lafiya ne da masu rakiyarsu," ta ce. "Kai ba mara lafiya ba ne."

Mai Tirela ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Likita, ai ɗan rakiyata ne. Ni ba na iya zuwa ni kaɗai, kafaɗar nan."

"Kai da ka zo da babur?"

"Shi yake riƙe min kati."

Likita ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce a rage sauti, ta koma ciki. Alƙali ya zauna a kujerar tsakiya, ya gyara riga, ya ce wa Mai Tirela, "Na gode, ƙanena," a hankali. Ya buɗe littafi, ya cire murfin jan biro. Na danna.

Waƙa ta ƙare. Muna jiran guduma ta sauko, sai ga rana tarwai, ga teku, ga yashi. Yarinyar maƙeri ta fito da gudu da kayan wanka. Waziri na kwance ƙarƙashin lema yana shan abu da tsinke. Mujiya ta saka baƙin gilashi. Dodon da muka bari a cikin sarƙa, ga shi nan cikin ruwa da ƙatuwar tayar roba a ƙugu.

"Kin saka wani daban," in ji Alƙali.

Na duba. "Shi ne, Baba. Kashi na huɗu." Nan take na gane. Masu irin wannan shirin sukan yi haka, ana tsakiyar tashin hankali sai su kwashe kowa su kai bakin teku hutu. Na yi masa bayani iya yina.

"Hutu. Wa ya ba da belinsa?"

Ba wanda ya ba da beli. Minti ashirin da uku aka yi ana buga ƙwallo a yashi. Aka binne takobi har wuya, aka manta da shi, ruwa ya taso. Aka fasa kankana, takobi ya ga jan cikinta ya sume. Mai Tirela ya yi dariya har Likita ta buga bango. Goggo ta rufe fuska da gefen mayafi tana leƙe, tana cewa yadin da aka yi wa mutum biyar kaya bai kai na hular jariri ba, sannan ta ƙara da cewa ko a bakin ruwa wazirin ya fi su tsari. Ba a ambaci wata ba, ba a ambaci kotu ba, ko sau ɗaya.

Alƙali bai rubuta ko harafi ba. Da allo ya yi baƙi ya mayar da murfin biro.

"Na yi ƙarya," ya ce. "Shekara talatin da huɗu a kan kujera ban karɓi ko goron wani ba. Yau na yi wa likita ƙarya, na yi wa matata ƙarya na ce gwiwa ce, na hau matakala ashirin da biyu ina ɗingishi. Don in ga dodo yana iyo."

Ya taso ya zo kanta, ya ce in ɗauko takarda mai kyau. Wasiƙa zai aika wa waɗanda suka yi shirin. Na ce Baba, can wata ƙasa suke, kuma ba sa jin yarenmu. Ya ce su nemi tafinta, shi ma da fassara ya kalli nasu.

Ya yi ta faɗa ina rubutawa, shafi biyu cif. Ya kawo kurakuran shari'ar guda tara da lambobinsu. Ya nemi a dawo da wanda ake tuhuma gaban kotu ba tare da ɓata lokaci ba, a ba shaida kariya, a binciki waziri. Goggo ta ce in an saka maganar waziri ita ba ta sa hannu. Mai Tirela ya ce a ƙara layi ɗaya a kan lodin keken doki, Alƙali ya ce wannan ƙara ce daban, ya shigar da tasa.

Ya karanta daga farko har ƙarshe, ya gyara min waƙafi biyu, ya sa hannu da baƙin biro. A ƙasan sa hannun ya fara rubuta sunan unguwarsu da lambar gida, sai ya tsaya, ya soke da layi biyu.

"Saka adireshin asibitin nan," ya ce. "In suka ba da amsa kada ta faɗa hannun matar gidan."